Gyara Ya Ragu, Canji Ya Ɓace: Wa Zai Ba Ɗan Aike Tukwici?

A cinikin abinci na ƙasar Hausa, ƙarin da ake yi bayan an daidaita daga hannun mai sayarwa yake fitowa. Ka sayi ƙosai a bakin hanya a Mawashi, kafin a naɗe maka sai ka ce, "Inna, ba gyara?" Ta jefa maka ɗaya ko biyu tana mita. Mai tsire ya miƙo maka ɗanɗano a kan wuƙa tun ba ku yi ciniki ba, in ya gama yanka ya daɗa albasa da ɗan kitse. Mai nono ta ƙara ludayi. Mai awo ya cika tiya ta yi tozo, sannan ya ɗebo da hannu ya bi ta da shi cikin buhu. Shi kuwa wanda ya ci abinci, da ya biya ya wanke hannu an gama, ba wanda yake jiran ya bar wani abu a gefen kwano don yaron da ya kawo masa ruwa.

Yau gyaran ya tsuke, wani wurin ma in ka tambaya sai a yi maka dariya. A manyan gidajen abinci na Abuja da Kano da Katsina kuma abin ya juya: mai saye ne ake kallo ko zai yi ƙari. Haka ɗan babur ɗin da ya kawo maka shinkafa har ƙofar gida yakan ɗan tsaya bayan ya miƙa leda, yana gyara hular kwano, ko Allah zai sa.

Kai abinci har gida tsohon abu ne a wurinmu. Baturiyar nan mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta kuma fitar da littafi a kan ƙauyen a 1972. Cikin abin da ya fi ɗaukar hankalinta akwai cinikin da mata ke yi daga cikin gida ba tare da sun taka kasuwa ba: fura, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, dafaffen abinci, hatsi, duk ta hannun yara. Abin da ta gani a Batagarawa shi ne a Kusada da Kankiya da kowane gari na wannan yanki. Yarinya mai talla, yaron da ke kai abincin 'yan ƙwadago gona da damina, almajirin da ke yi wa uwar ɗakinsa aike, su ne masu kai saƙonmu tun kafin a san wayar hannu.

Kowane aiki kuma da irin sallamarsa. Mai talla tana da ladanta a wurin mai kaya. Dillali yana da la'ada. Tukwici kuwa na wanda ya kawo kyauta ne, kuma wanda aka kawo wa shi ke bayarwa. Yaro ya yi sallama da kwanon tuwon salla ko naman layya ya ce, "Ga shi in ji Hajiya." Matar gida ta juye, ta ce, "An gode, Allah ya saka da alheri. Ungo wannan ka sayi alewa." Sau da yawa kwanon ma ba ya komawa haka nan. Shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici. A kan kayan lefe ma abin ya ƙasaita, har ya zama wani nauyi da iyayen amarya ke tanadi dominsa, ana kuma ƙirga shi a gaban dangi. Wannan kam ya fara fita daga kyautatawa ya shiga gasa.

Matsalar ɗan babur na yau ita ce bai faɗa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya kawo saye ka yi, ba kyauta ba ce. Ka kuma riga ka biya kuɗin kawowa. A lissafin da muka gada, ba ya bin ka komai. In ka ba shi, alheri ka yi. In ka hana, ba ka yi abin kunya ba. Ni a ganina wannan lissafi daidai ne, da sharaɗi ɗaya: a ce kuɗin kawowar ya isa ya riƙe mai kawowa. A nan ne ƙasa ta zame.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari. Mai ƙosai da ke sayen wake da mai a irin wannan farashi ba ta da ƙwayar da za ta jefa kyauta. Ɗan babur kuma yakan tarar rabin abin da aka ba shi ya tafi gidan mai, saura gyaran taya da kason mai babur in ba nasa ba ne.

Sai kuma batun takardar kuɗi, wanda ba a cika lura da shi ba. Ihisanin da talaka ke yi wa talaka a cikin canji yake zaune. Ka ba mai shayi dubu, ya rage naira hamsin ko ɗari, ka ce, "A ba yaron nan." A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Kafin nan an riga an koya wa mutane sabon hali. Mai shayi, mai tsire, mai abinci a mararrabar Gidan Mutum Ɗaya ko tashar Kankiya, da yawa sun rubuta lambar asusu a kwali sun kafe: OPay, Moniepoint, PalmPay. Taransifa kuwa ba ta barin canji. Abinci na 1,850, ka tura 1,850 cif, ka nuna waya ka tashi. Ko da ka cike ta zama 2,000, asusun na maigida ne. Yaron da ya share tebur bai ga komai ba, wataƙila ma bai san ka yi ba.

Ƙananan takardun su kansu sun mutu a tsaye. Naira biyar da goma da ashirin ba sa sayen komai, yara ma sun san haka. Takardar 1,000 da ta fito a 2005 tana kusan dala takwas, ta wayi gari a 2024 ba ta kai dala ɗaya ba, kuma har yanzu ita ce babba. Tukwicin da zai faranta ran yaro yanzu sai ya taɓa aljihun mai bayarwa.

A can kudu da Abuja kai abinci ya zama sana'ar kamfanoni, sai dai sana'a ce mai wahalar riba. A watan Disamba na 2023 Jumia Food da Bolt Food duk suka naɗe tabarmarsu daga Najeriya. Waɗanda suka rage, irin su Chowdeck da aka kafa a Legas a 2021 da Glovo ta ƙasar Sifen, suna aiki ta manhajar waya, inda ake lissafa kuɗin abinci da na kawowa da na hidima kafin a dafa. A Katsina da Kano kuwa, abin da ya fi yawa har yanzu shi ne tsohon tsarin Batagarawa da sabuwar riga: mace tana dafawa a gida, tana tallata hoton a WhatsApp ko Instagram, tana da lambar wani ɗan babur ko mai adaidaita da take kira. Babu kamfani, babu rubutaccen farashi. Ana tayi ana ragi a kan kuɗin kawowa kamar ana sayen akuya, kuma kullum ragin a kan ɗan babur yake ƙarewa.

A manyan gidajen abinci akwai wani abin daban. Rasit ya zo da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda aka ɗaga daga kashi 5 a Fabrairun 2020. Wannan na gwamnati ne. A wasu wuraren sai ka ga wani layi a ƙasa, kuɗin hidima. Mai cin abinci yakan ɗauka na masu kawo faranti ne, don haka ya tashi da zuciya ɗaya cewa ya sallame su. Ko sun samu ko ba su samu ba, wannan yana hannun mai gidan abincin. Birtaniya ta sha fama da irin wannan har ta yi doka a 2023, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2024, ta wajabta wa masu gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata dukkan tukwici da kuɗin hidima ba tare da cire ko kwabo ba, ban da haraji.

Wanda ke son ganin inda hanyar ke ɓullewa in aka sake mata linzami, ya dubi Amurka. Can dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukwici dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7.25 ne. Wato an ɗauke nauyin albashi daga kan mai gidan abinci an aza wa mai ci, har kashi 15 zuwa 20 na kuɗin abinci ya zama kamar farilla. Da na'urorin biyan kuɗi suka yawaita, sai allo ya riƙa tambayar mutum tukwici ko da kofin shayi ya karɓa a tsaye. A binciken cibiyar Pew na 2023, kashi 72 cikin ɗari na Amurkawa sun ce wuraren da ake sa ran tukwici sun ƙaru a kan shekaru biyar baya. Mafi muni shi ne abin da ya fito fili a 2019 game da kamfanin kai abinci na DoorDash: yana lissafa tukwicin mai saye cikin abin da ya yi wa direba alkawari, ta yadda duk abin da ka ƙara, kamfani ne ya rage nasa. Kamfanin ya sauya tsarin a shekarar, kuma a Fabrairun 2025 ya amince ya biya dala miliyan 16.75 a jihar New York kan wannan batu. A Japan kuwa ba a ba da tukwici a gidan abinci, kuma hidimarsu ba ta gaza ta kowa ba.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon aiki. Ƙirga gidajen abincin da ke tsakanin Kusada da Kankiya da Charanchi, ka ga ko nawa ne ke da ma'aikata 25. Yaron mai shayi, yarinyar da ke wanke kwanuka, almajirin da ake sallama da ƙanzo da guntun miya, ɗan babur mai kai saƙo, duk suna wajen inuwar dokar. Ranar da tukwici ya zama abin da kowa ya saba, ranar maigida zai sami abin faɗa in an nemi ƙari: "Ai kana samu wurin baƙi." Ba sai an yi doka irin ta Amurka ba, baki kaɗai ya isa.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a kiyaye. Ƙari bayan an gama aiki abu ne da addini ya yaba. Sananne ne cewa Manzon Allah (SAW) da ya sayi raƙumin Jabir ya sa an biya shi har da daɗi. Amma ya tsawatar wa ma'aikacin zakka da ya dawo da wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma a Kitabul Farƙ ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun da ya yi yaƙi da su. Abin da aka bayar kafin aiki don a tsallake layi, ko aka ba ma'aikacin ofis ko na asibiti da gwamnati ke biya, ko an kira shi na goro ko na shan ruwa, ba dangin abin da ake ba yaron mai shayi ba ne. Ko a gidan abinci, in har aka kai ga sai Alhajin da aka san hannunsa a sake yake za a fara zuba wa miya mai nama, malamin firamare ya jira, to an fara gangarawa can.

Don haka ban ga dalilin mu ɗauko lissafin kashi goma ko ashirin mu ɗora wa kanmu ba. Ɗan babur ya faɗi kuɗin da zai fitar masa da mai da guminsa, mai saye ya biya ba tare da ya matse shi ba. Mai gidan abinci ya biya yaransa daga cinikinsa, ya sa shi cikin farashin faranti in ya ga dama. Kai kuma mai karatu, in rasit ya zo da kuɗin hidima, tambayi wadda ta kawo maka abincin ko yana isowa gare su. In kuma ka yi niyyar alheri, ajiye ɗari biyu ko ɗari biyar a aljihu kafin ka fito, ka sa a hannun yaron da kanka, ko ka nemi lambar asusunsa shi kansa, kada ka tura a ta kwalin da ke jikin bango.