Laka da ƙura a cikin yashin kankare

Laka da ƙura a cikin yashin kankare su ne ƙananan ƙwayoyin ƙasa da ke biyo yashi ko tsakuwa zuwa wurin kwaɓa siminti. A ma'aunin ASTM na Amurka, duk abin da ya wuce ta rariya mai ƙofar maikiromita 75 yana cikinsu; a Turai kuwa iyakar maikiromita 63 ce. Yashi da tsakuwa su ne kusan kashi uku cikin huɗu na jikin kankare, saboda haka dattinsu ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda suke raunana kankare

Aikin siminti shi ne ya kama kowace ƙwayar yashi da tsakuwa ya ɗaure su wuri guda. Idan laka ta lulluɓe ƙwayar, siminti ba ya samun abin kamawa sai lakar, ita kuwa ba ta da ƙarfi.

Illa ta biyu ta fi wannan girma. Laka tana shan ruwa, sai kwaɓin ya yi tauri ya ƙi juyuwa. Abin da leburori suka saba yi shi ne su ƙara ruwa, kuma a nan ɓarnar take: ruwan da ya wuce buƙatar siminti yana ƙafewa ya bar ƙananan ramuka. Kankaren yakan yi rauni, ya tsattsage yayin bushewa, daga baya danshi ya ratsa ya kai ga rodi ya sa masa tsatsa. Wani nau'in yumɓu, montmorillonite, yana kumbura idan ya jiƙe, ya tsuke idan ya bushe, ya kuma fi kaolinite illa ƙwarai.

Ba kowace ƙura ce ke cutarwa haka ba. Ƙurar dutsen da aka fasa, in ba ta da yawa kuma babu laka a cikinta, tana cike giɓi tsakanin ƙwayoyi. Shi ya sa ma'aunin ASTM C33 ya ƙayyade kashi 3 cikin 100 ga yashin kankaren da za a riƙa gogawa, kamar daɓe, da kashi 5 ga saura, amma ya ɗaga zuwa 5 da 7 ga yashin dutse marar laka.

A Kano

A unguwanni irin su Nasarawa GRA, inda benaye ke maye gurbin tsofaffin gidaje, dakin da ginshiƙai suna ɗaukar nauyi mai yawa. Ana kawo yashi da tifa daga koguna irin su Challawa. Wanda aka ɗebo daga gaɓa, ko bayan ambaliyar damina, yakan zo da taɓo. Yashi mai kyau ma yana lalacewa idan an jibge shi a kan jar ƙasa, shebur ya riƙa kwaso ta.

Gwaji

A wurin gini ana zuba yashi a kwalba, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye na 'yan sa'o'i. Yashi yana fara kwantawa, laka ta taru a samansa a ga kaurinta. Gwajin bai bambanta ƙurar dutse da yumɓu mai kumbura; wannan sai a ɗakin gwaji, da shuɗin rini na methylene. Yashin da ya faɗi gwaji ana wanke shi ko a mayar da shi.