Kakar Wasan Ƙwallon Ɗalibai: Me Ke Kashe Ta?

Ni ɗan Zonkwa ne, a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, kuma Jju ne harshen da na buɗe baki da shi, Hausa a kasuwa da filin ƙwallo na fara tsintar ta. Saboda haka mai karatu ya yi mini uzuri idan na bar nahawu yau na koma fili.

Idan aka ce kakar wasa, ana nufin lokacin da ƙungiya ke ɗauka tun daga zaɓen 'yan wasa har zuwa wasanta na ƙarshe. A manyan makarantunmu abin hawa-hawa ne. Ana farawa da gasar sassa da ta tsangayoyi, a nan mai horarwa ke zaƙulo waɗanda za su sa rigar makaranta. Daga nan sai wasannin share fage na shiyya, sannan babbar gasa ta ƙasa. Jami'o'i suna da NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, kwalejojin ilimi irin ta Gidan Waya kusa da Kafanchan suna da NICEGA, su kuwa kwalejojin kimiyya da fasaha NIPOGA ce tasu.

To, a takarda ke nan. A zahiri, kakarmu ba ta da kalandar kanta, kalandar karatu take bi, ita kuwa wannan kowa ya san halinta. A 2020 annobar korona ta haɗu da yajin aikin ASUU na kusan wata tara. A 2022 aka sake wani, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗan wasan da ya yi wata takwas bai taɓa ƙwallo da abokansa ba, ai sai an koma farko. Ga shi kuma ƙungiyar ɗalibai kullum cikin zuba take kamar tulu mai huda: da mai tsaron gida ya ƙware sai ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa.

Mu 'yan kudancin Kaduna muna da ƙarin namu. Damina a wajenmu tana kai wata shida, daga wajajen Afrilu zuwa Oktoba, fili ya zama taɓo. Kuma da yawanmu kuɗin makaranta daga gonar citta yake fitowa. Ni kaina na taɓa barin atisaye na mako biyu don aikin gona a gida, da na dawo na tarar an ba wani lambata. Ban ga laifin kowa ba, don ba za a jira ni ba, ni ma ba zan bar gona ba.

An yi yunƙurin gyara a 2018, lokacin da aka ƙirƙiro gasar HiFL, inda jami'o'i suka riƙa karawa gida da waje. Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ce ta ɗauki kofin farko, Jami'ar Maiduguri kuma ta ɗauka a 2021. A ganina wannan tsari ya fi na tara mutane wuri guda na 'yan kwanaki, domin ɗalibi na ganin ƙungiyarsa a filin makarantarsa.

Wani aboki ya ce in dubi Amurka, inda filin Jami'ar Michigan ke ɗaukar mutum fiye da 100,000. Sai dai tasu ƙwallon daban ce, da hannu ake rungumar ta, kuma kuɗin talabijin ne ke riƙe da ita. Ni misalin gida ya fi burge ni. Adokiye Amiesimaka ya karanta lauya a Jami'ar Legas yana taka leda, kuma yana cikin tawagar Green Eagles da ta ci kofin Afirka a 1980.

Abin da nake roƙon hukumomin makarantu bai kai na Michigan ba. A ware yammacin rana ɗaya a mako babu lacca, a kuma yarda ɗan wasan da ya tafi wakiltar makaranta ya rubuta gwajin da ya wuce shi idan ya dawo. A ajinmu mutum biyu ne suka ajiye takalmansu saboda gwaji ɗaya tak.