Shahon kifi ya farfaɗo a Turai, saura tabkin Madarunfa

Akwai wani tsuntsu dangin shaho wanda Faransawa ke kira balbuzard, kifi ne abincinsa. A ƙasar Sikotlan, maharba da masu kwasar ƙwai sun ƙarar da shi wajen 1916. Sai a 1954 ya komo ya yi sheƙa, daga baya aka sa masa masu gadi dare da rana. Yau sheƙunansa a Birtaniya sun kai ɗaruruwa.

Amma Turai wurin ƙyanƙyasa ne kawai. Da kaka yakan ƙetare Sahara, ya yi cin rani a Afirka ta Yamma, duk inda ruwa da kifi suke.

A nan zancen ya shafe mu. Tabkin Madarunfa, wanda Gulbin Maraɗi ke shayarwa, ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2019. Sai dai rairayi yana cike shi, madatsar Jibiya kuma ta rage ruwan gulbi. Ran da kifi ya ƙare, tsuntsu zai yi gaba. Masunta da masu sayar da kifi a kasuwar Maraɗi fa, ina za su nufa? Hukuma da masunta, gyaran tabki yana hannunku.