Neman Kufan Mashaya a Dazukan Amurka: Takarda Kafin Tono

A Amurka akwai mutanen da abin sha'awarsu a ranar hutu shi ne yawo da na'urar gano ƙarfe, suna lilo da faifanta a kan ƙasa suna jiran ta yi ƙara. Wasu bakin ruwa suke zuwa neman zoben da ya suɓuce wa masu wanka. Wasu kuwa kufai suke bi, kuma a jihohin Mishigan da Wiskonsin da Minesota babu kufan da ke ɗaukar hankalinsu kamar na mashaya da gidajen karuwai na zamanin saran itace. Dalilinsu a fili yake. Duk inda kuɗi ya yi ta shige da fice tsakanin hannayen mutanen da suka bugu, a kan daɓen katako mai tsaguwa, a hasken fitilar kananzir, to dole wani abu ya faɗi bai tashi ba.

Daga 'yan shekaru bayan ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865 zuwa wajajen 1900, Mishigan ce kan gaba wajen fitar da katako, daga baya Wiskonsin ta karɓa. Abin da ake sara wata doguwar bishiya ce miƙaƙƙiya, farar fain, kuma da hunturu ake aikin, domin a lokacin ne ake iya jan gumagumai a kan hanyar da ta daskare. Ma'aikata na kwana a sansani cikin daji wata da watanni, giya haramun ce a can, ladan yini bai wuce dala ɗaya ko kusa da haka ba, kuma galibi kamfani na riƙe shi sai aiki ya ƙare. Idan ƙanƙara ta narke aka koro gumagumai ta kogi zuwa injinan yanka, sai dubban maza su faɗo gari da albashin kusan rabin shekara a aljihu. Titin Water a Bay City, da unguwar bakin injina a Muskegon, da ƙaramin garin Seney, da titin Silver a Hurley, dukkansu da kuɗin nan suka yi suna. Mutum kan ƙarar da wahalar wata biyar cikin mako biyu.

To ina gine-ginen suke yau? Kusan duka da katako aka yi su, a garuruwan da ke zaune kan dusar katako, saboda haka gobara ta zama maƙwabciya. Wadda ta cinye Peshtigo a ranar 8 ga Oktoban 1871, daren da Shikago ma ta ƙone, ta kashe fiye da mutum dubu. Garuruwan da wuta ta bari, ƙarewar itace ta tashe su. Wani gidan kwance shi aka yi aka loda a jirgin ƙasa aka yi gaba, daji ya komo ya rufe wurin. Wanda ya saɓa na'ura ya shiga irin wannan dajin da labarin baka kaɗai, sai dai ya yini yana tono ƙusa. Shi ya sa gwanayen abin suke ɓata hunturu gaba ɗaya a kan takardu, na'urar tana rataye.

Takardar farko ita ce taswirar inshorar gobara ta kamfanin Sanborn, wanda ya fara aiki a 1867. Kamfanonin inshora na son sanin haɗarin kowane gini ba tare da sun je sun gani ba, sai Sanborn ya riƙa tura ma'auna suna zana gari gida-gida. Inci ɗaya a takarda ƙafa 50 ne a ƙasa. Ginin katako ana shafa masa ruwan ɗorawa, na jan bulo kuma ja mai haske, a rubuta yawan hawa da abin da ake yi a ciki. Mashaya ba a ɓoye ta. Gidan karuwai ne ake sakayawa, a sa masa haruffa biyu, F.B., ma'ana masaukin mata. Ma'aunin ba wa'azi ya zo yi ba, abin da ya dame shi fitilu da murhu da masu shan taba a kan gado, don haka bayaninsa ya fi na mai littafin tarihin gari gaskiya, wanda kullum ke neman rufa wa kakannin manya asiri. Babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa dubban taswirorin nan a intanet kyauta. Garin da aka zana sau uku ko huɗu a shekaru daban-daban, mai bincike na iya jera su ya ga yadda mashaya ta koma shagon aski, sannan ta koma fili.

Sai dai Sanborn bai zana ko'ina ba. Inda akwai dukiyar da za a yi wa inshora nan yake zuwa, alhali gidajen da suka fi ƙaurin suna sau da yawa a bayan gari suke, kan hanyar da ke zuwa sansani ko gefen layin dogo, inda hannun ɗan doka bai kai ba. Nan sai a koma wasu takardun. Littattafan filaye na gunduma suna nuna wanda ya mallaki kowane yanki. Kundin adireshin gari, irin wanda kamfanin Polk na Detroit ke bugawa, yana jera masu mashaya da titinsu. Ƙidayar jama'a ta 1880 da ta 1900 na iya nuna gida guda da mace ɗaya a matsayin mai gida da 'yan mata biyar ko shida da ba su haɗa dangi ba. Ta 1890, wadda ta faɗo daidai ganiyar harkar, gobara ta lalata mafi yawanta a Washinton a 1921, kuma giɓin na ci wa masu bincike tuwo a ƙwarya har yau. Rajistar kotu ta fi kowace daɗin karatu, domin a garuruwa da dama ana kama magajiya lokaci-lokaci a ci ta tara a sake ta, tarar ta zama kamar kuɗin lasisi, kuma kowane kamu na barin suna da kwanan wata. Jaridun lokacin ma sukan taimaka, amma da taka-tsantsan: editan da ke son ciniki ya san labarin kisa a mashaya ya fi farashin katako shiga kasuwa.

A cikin takardun nan ne mutum ke cin karo da matan. A 1888 wata likita, Katharine Bushnell, ta zagaya arewacin Wiskonsin a madadin ƙungiyar mata Kirista masu yaƙi da shan giya, ta tattara bayanan gidajen da ake tsare 'yan mata, waɗansu an yaudaro su ne da alkawarin aiki, sannan aka ɗaure su da bashi. Jami'ai sun ƙaryata ta, sun ci mutuncinta, amma rahotonta ya tayar da ƙurar da ta kai ga majalisar jihar. A ganina duk mai neman irin wuraren nan ya kamata ya karanta wannan tarihin kafin ya sayi batir. Matan ba su bar littafi ba, kaɗan ne ma suka bar sunansu na gaskiya. Abin da ya rage nasu shi ne maɗaurin rigar ciki, da kwalbar magani, da ɗan kunne ɗaya a ramin shara.

Idan an dace da wuri a takarda, saura a ɗora shi a ƙasa, kuma ba wasa ba ne. Sunayen tituna sun sauya, an cike bakin kogi da dusar katako har gaɓa ta matsa. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarun 1930 na nuna tsofaffin hanyoyi kafin itatuwa su haɗiye su, na zamani kuma da ake aunawa da hasken leza na fito da ramin ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko da ganye ya lulluɓe shi. A wurin kansa, bishiyar tuffa tilo a tsakiyar daji alama ce ta an taɓa zama.

Sai babban cikas. Bayan an aske dajin, masu filaye da yawa sun daina biyan haraji sun tafi, filayen suka koma hannun hukuma, aka yi gandun daji na ƙasa da su, irin su Hiawatha da Ottawa da Chequamegon. Dokar tarayya ta 1979 ta hana tono ko ɗauke kayan tarihi da suka haura shekara 100 a filin gwamnatin tarayya da na ƙabilun asali ba tare da izini ba, hukuncinta ya haɗa da tara da ɗauri da ƙwace kayan aiki. Filayen jiha ma da nasu ƙa'idojin. Ke nan mafi kyawun kufan ko dai haramun ne, ko suna ƙarƙashin kwalta. Abin da ya rage shi ne filin mutum mai zaman kansa, da yardarsa, gara ma a rubuce, tare da yarjejeniyar wa zai riƙe abin da aka samu. Wasu na ganin dokar ta yi tsanani, tunda tsatsa ce za ta cinye kayan. Ni dai ina ganin hujjar masana tono ta fi ƙarfi, domin sulen da aka san daga wane lungu na wane gida ya fito yana ba da shekarar ginin, wanda aka jefa cikin gwangwani tare da ɗari irinsa kuwa sule ne kawai. Hukumar gandun daji kan gayyaci 'yan sa-kai, har da masu na'ura, su yi aiki tare da masananta.

Me ke fitowa? Ƙusa dai, ƙusa ba adadi. Ita ma tana magana, don mai kusurwa huɗu ta riga zagayayya ta waya, wadda ta mamaye kasuwa a shekarun 1890. Cikinsu ake tsinto ƙarfen maratayin wando, da sassan fitila, da cokali, da kwabo mai hoton kai sanye da hular gashin tsuntsu wanda aka buga daga 1859 zuwa 1909. Abin da aka fi murna da shi shi ne kwandalar tagulla ko ta alminiyam da mai mashaya ke bugawa da sunansa ya bayar a madadin canji, don mutum ya dawo wurinsa ya sha. Ita ce ke iya tabbatar da cewa wannan ramin shi ne wancan gidan na cikin kundi.

Kwandalolin da ake tallatawa da sunan na gidajen karuwai kuwa, masu ɗauke da sunan magajiya da kalaman batsa, mafi yawansu jabu ne. A ƙarni na 20 aka riƙa buga su don sayar wa masu yawon buɗe ido, wasu har ana tsoma su a sinadari su yi duhun tsufa. Idan sunan da ke kan kwandala bai bayyana a kundin gari ko rajistar kotu ba, masu tara irin kayan nan ba sa taya ta.