Yadda Ake Saurarar Ƙarƙashin Ƙasa Daga Cikin Rijiya

Jama'ar Nima da Mamobi, duk mun san mai sayen kankana yakan ƙwanƙwasa ta ya saurara kafin ya biya kuɗi. To, masu neman man fetur ma kusan haka suke yi wa ƙasa.

Jirgin ruwa ne ke tafe yana harba bindigar iska. Ƙarar ta nutse, ta bugi shimfiɗun duwatsu, ta dawo kamar amsa-kuwwa, na'urorin da jirgin ke ja a bayansa su ɗauke ta. Da irin wannan awo aka zaɓi inda kamfanin Kosmos ya haƙa rijiyar Mahogany-1 a 2007, aka gano filin Jubilee a tekun yammacin Gana. Man ya fara fita a Disambar 2010.

Amma akwai matsala. Abin da na'urar ke aunawa lokaci ne, ba zurfi ba. Kafin a mai da daƙiƙoƙi su zama mitoci, tilas a san gudun sauti a kowace shimfiɗa. A ruwan teku yana cin kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, a dutse mai tauri kuwa ya kan wuce 5,000. Mu ɗauka ƙara ta je ta dawo cikin daƙiƙa 2. In an ƙiyasta gudunta mita 3,000, zurfin mita 3,000 ke nan. In kuwa ainihin gudun 3,150 ne, an yi kuskuren mita 150. Yashin da ke riƙe da man sau da yawa bai kai wannan kauri ba, kuma haƙa rijiya ɗaya a teku mai zurfi miliyoyin daloli ne masu yawa.

Nan ne rijiyar kanta take zama malama. Bayan an haƙa, sai a zura na'urar sauraro da igiya, a tsai da ita a zurfin da aka sani, a harba bindigar a sama, a duba lokacin da ƙarar ta iso. Sai a gusa, a sake. Ga zurfi a hannu, ga lokaci, gudun sauti ya fito ba da ƙiyasi ba. Da shi ake komawa a gyara taswirar gudun, kwamfuta ta sake zana hoton. Wani tudun da aka gani da fari ya kan sauka, wani ma ya ɓace. Har wata ɗabi'ar dutsen laka takan fito fili: sauti ya fi sauri in ya bi shimfiɗarsa a kwance fiye da in ya ratsa ta daga sama. Wanda bai lissafa wannan ba, zai ga man a ƙasa da inda yake.

Mu abin ya shafe mu ta wajen Arewa. Kwarin Bolta, wanda ya haɗa da Salaga da Yandi inda da yawanmu ke da dangi, ya mamaye kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasar Gana, kuma hukumar GNPC ta yi awon sauti a can. Sai dai rijiyoyi masu zurfi a yankin 'yan kaɗan ne. Salaga ta yi suna da yawan rijiyoyi tun zamanin fataken goro, amma waɗannan na guga ne. Saboda haka in muka ji an ce awo ya nuna alamar mai a Arewa, mu tambaya ko an haƙa an saurara daga ciki.