Yaro Bai Samu Jami'a Ba: Ba Ƙwayar Barci Yake Buƙata Ba

Duk lokacin da sakamako ya fito, iyaye a nan Al Wakra sukan zo mana kantin magani neman abin da zai sa yaro barci, wai tunda ya faɗi jarrabawa ya daina ci, ya daina runtsawa. Iyayenmu, ƙwaya ba ta warware wannan damuwa, kuma a Katar ba a bayar da ita sai da takardar likita.

A zauna da yaron, ba faɗa ba gori, a gano inda ya gaza. In Turanci ne, ana sake rubuta IELTS sau nawa aka so, sakamakon kuma yana aiki shekara 2. Jami'ar Katar tana da shirin share fage na Turanci da lissafi. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Doha, wadda aka kafa a 2022, tana koyar da fannonin lafiya irin su jinya. Shekara kwana ce.

Amma in ƙuncin ya wuce mako 2, ko yaro ya fara zancen mutuwa, kada a jira. A kira 16000 a danna 4, ko a garzaya da shi Asibitin Al Wakra. Allah ya raya mana zuri'a.