Tantanin Jijiya da Ƙashin da Ke Tsirowa a Hanyar Zuciya

Ibnun Nafis, shahararren malamin ɗibbu wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya rasu a Alƙahira a 1288, ya saɓa wa magabatansa a kan wata mas'ala, inda ya tabbatar da cewa zuciya ba daga jinin da ke cikin kogonta take samun abinci ba, daga jijiyoyin da suka ratsa namanta take samu. Waɗannan jijiyoyi, waɗanda kaurinsu bai wuce 'yan milimitoci ba, su ne idan suka ƙuntace mutum yake jin nauyi a ƙirji yayin da yake hawan tudu, idan kuwa suka toshe gaba ɗaya sai a ji labarin mutuwar fuju'a.

Cikin kowace jijiya akwai wani tantani shimfiɗe, siririn gaske, wanda likitoci suka daɗe suna ɗaukarsa tamkar ba shi da wani aiki illa ya sa jini ya wuce sumul. Sai a 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya lura cewa jijiyar zomo, muddin aka goge tantaninta, ba ta ƙara sakin jiki ko da an ɗiga mata maganin da ya saba buɗe ta. Daga nan aka gano cewa tantanin nan yana fitar da wata iska, naitirik oksaid, wadda take umartar naman jijiya ya saki, take kuma hana jini daskarewa a jikin bango. A kan wannan aka ba Furchgott lambar Nobel a 1998, tare da Louis Ignarro da Ferid Murad.

To, a nan illar take farawa. Hawan jini da ciwon sukari da hayaƙin taba suna raunana tantanin shekara da shekaru, alhali mai jikin yana cin kasuwarsa lafiya lau. Kitse ya sami kafa ya kutsa ƙarƙashinsa, wurin ya kumbura, har a ƙarshe sinadarin kalsiyam ya taru ya ƙanƙare. Jama'a sukan zaci abin kamar farin dattin da yake kama gindin butar shayi ne, amma lamarin ya fi haka ban al'ajabi, domin wasu ƙwayoyin naman jijiyar ne suke sauya ɗabi'a su shiga aikin da masu gina ƙashi suke yi. A 1990 likita Arthur Agatston ya fito da hanyar ƙididdige wannan ƙanƙara da na'urar siti sikan: sifiri alama ce ta ƙarancin haɗari, abin da ya haura 400 kuwa shaida ce cewa cutar ta yi nisa.

Sai dai wanda ya bi hanyar nan da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Gusau ta nufi Bunguɗu ya san cewa irin wannan awo ba shi ne a gaban talakan Zamfara ba. A ganina wannan bai kai abin baƙin ciki ba, tun da ƙanƙarar tarihin ɓarnar da ta riga ta auku take bayarwa, maƙiyan tantanin kuwa ana kama su da abin awon jini na hannu da ɗigon jinin yatsa, waɗanda ba sai an je Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau ake samunsu ba. Babbar musibar ita ce ɗabi'ar ajiye maganin hawan jini da zarar ciwon kai ya lafa.

Jihar tana da wani dalili nata na musamman. Gubar dalma da ta bayyana a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta hallaka ɗaruruwan yara, tana daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna hawar da jini suna cutar da tantanin jijiya, dalma kuwa takan ɓuya a ƙashi shekaru masu yawa. Yaran da suka tsira a lokacin yanzu sun zama samari da 'yan mata, kuma ya wajaba hukumomin lafiya su riƙa awon jininsu da ƙodarsu a kai a kai.